MARIGAYI MALAM AMINU KANO (1920 - 1983): MALAMIN DA BAI DAINA ƊAUKAR KARATU BA

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya leƙa birnin Kano ne, domin ya ɗauko mana rayuwar wani bawan Allah wanda da wuya a samu gidan Bahaushe a Kafanchan, ko Zonkwa, ko Kachia, ko Jagindi, ko Godogodo, da ba a taɓa ambaton sunansa ba, wato Marigayi Malam Aminu Kano. Yawancinmu da siyasa muka san shi. Dattawanmu sun san shi da NEPU, na bayansu sun san shi da PRP mai alamar mabuɗi, yaran yanzu kuwa sai dai su ji sunan a filin jirgin sama ko babban asibitin Kano. To amma mu yau ta wata ƙofa za mu shiga. Kafin Malam ya hau dandalin siyasa, malamin makaranta ne mai riƙe da alli, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai rabu da littafi ba. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ne muke ganin ya fi shafar halin da muke ciki a wannan yanki namu.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu daga zuriyar Fulani Gyanawa yake, waɗanda aka sani da ilmin shari'a da alƙalanci, shi kansa kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙalin Kano. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, ita ma mai karatu ce, kuma a hannunta ya fara koyon baƙi da wasali. Allah ya yi mata rasuwa yana ɗan shekara shida, sai kakarsa Halima ta ɗora daga inda ta tsaya.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Mutumin da daga baya ya girgiza Arewa gaba ɗaya, malamansa biyu na farko mata ne, a cikin gida, ba tare da benci ko ƙararrawa ba. Da ba a bar matan gidan sun yi karatu ba, da wa zai ɗora shi a hanya? Wannan abu ya zauna masa a zuciya, shi ya sa maganar ilmin mata ba ta taɓa barin bakinsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

SHIGARSA BOKO

Sai da ya kai shekara goma aka sa shi makarantar elimantare ta Shahuci a 1930. A wancan zamani mutane da yawa gudun boko suke yi, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke idan an zo ɗiba. Gidan su Malam gidan malamai ne, amma ba su ga cewa allo zai hana boko ba, ko boko ya hana allo. A 1933 ya wuce Midil ta Kano, inda ya shiga cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore saboda ƙarancin abinci da sabulu da kayan sawa. A 1937 ya samu shiga babbar kwalejin nan ta Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce yau ake kira Barewa a Zariya. Ya gama a 1942 da shaidar malanta.

Tun yana kwaleji ya gane cewa abin da ake biya wa ɗalibi a aji ba ya isa. Ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana shirya su tare da 'yan uwansa ɗalibai, yana nuna yadda ake cutar baƙauye a kasuwa da yadda masu riƙe da iko ke danne talaka. Dabara ce mai kyau, domin wanda bai iya karatu ba ai yana da ido da kunne, idan ya kalli wasa ya yi dariya, zai koma gida da abin tunani.

ZAMAN BAUCHI

Aikinsa na farko a Midil ta Bauchi ne. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau suna koyarwa, a can kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi, ya kuma yi zurfi a Arabiyya da boko duka. Ga shi dai Malam Aminu malami ne mai albashi, yara na miƙe masa idan ya shigo aji, amma da an tashi makaranta sai ya nufi wurin Malam Sa'adu su zauna ana warware mas'aloli na addini da na mulki, wani lokaci har dare ya raba. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Shekaru da yawa bayan rasuwar Malam Sa'adu a 1958, Malam Aminu ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa, ya sauke nauyin da ke kan ɗalibi game da malaminsa.

A Bauchi ne kuma, wajen 1943, suka kafa zauren tattaunawa inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da sauran masu sha'awa ke haɗuwa ana muhawara a kan al'amuran ƙasa. Manya ne masu iyali, sun daɗe da barin aji, amma ga su sun dawo suna koyon yadda ake kafa hujja da yadda ake sauraron abokin magana. Da tambayoyin suka fara taɓa masu mulki, sai hukuma ta janye hannunta, zauren ya watse. Duk da haka iri ya riga ya faɗa ƙasa.

TAFIYA INGILA

A watan Satumba na 1946, yana da shekara 26, ya samu tafiya ƙaro ilmi a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, inda ya yi shekara guda. Bai tsaya ga darasin aji kaɗai ba. Ya leƙa makarantun ƙasar ya ga yadda ake koyar da 'ya'yan leburori, ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba da ɗaliban wasu ƙasashe da ke neman 'yancin kai, ya kuma bi labarin gwagwarmayar Gandhi a Indiya, wadda ta samu 'yanci a 1947. A wannan shekara ya tsallaka Faransa wajen babban taron 'yan sikawut na duniya. Labarin tafiyarsa ya rubuta shi daga baya a littafinsa mai suna Motsi Ya Fi Zama.

Babban abin da ya dawo da shi daga can shi ne fahimtar cewa gyaran ilmi daga malami yake farawa. Malamin da ba a horar da shi ba, ba a biya shi abin kirki ba, ba a kuma daraja shi ba, me zai bai wa yaro? Saboda haka tun yana Landan ya fara haɗa kan 'yan uwansa malaman Arewa, da suka dawo gida kuma aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, shi ne babban sakatarenta. Tana cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko da suka game lardunan Arewa, kuma abin da ta sa gaba shi ne albashi mai kyau, da horo, da gyaran manhaja.

DAGA MARU ZUWA DANDALI

Hukuma ta ga wannan saurayi ya fara yi mata nauyi a Bauchi, sai aka mayar da shi Maru ta lardin Sakkwato a 1949, ya shugabanci kwalejin horon malamai da ke can. Bai daɗe ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, shi kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aikin gwamnati. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Waɗanda suka ga zamanin sun san cewa taron NEPU rabinsa makaranta ne. Ana bayyana wa talaka abin da doka ta ce game da haraji, da aikin tilas, da ikon alƙali da iyakarsa. Mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba sai ga shi yana neman wanda zai koya masa karatun boko don ya karanta rasiɗinsa da kansa. Teloli da mahauta da 'yan koli da direbobi, irin sana'o'in da iyayenmu suka zo da su nan, su ne ƙashin bayan wannan tafiya.

Har ila yau, a farkon shekarun 1950 Malam da abokansa suka buɗe makarantar Islamiyya a Kano, inda yaro zai zauna a aji ya koyi Alƙur'ani da Arabiyya da fiƙihu cikin tsari, da jadawali, tare da lissafi da sauran darussan zamani, kuma har da 'yan mata. Yau Islamiyya ta zama ruwan dare, kowace unguwa a Kafanchan akwai ta, har mun manta cewa akwai lokacin da buɗe ta ke jawo wa mutum tsangwama.

MUƘAMAI DA CI GABA DA KARATU

A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ya kuma shiga cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967 zuwa 1971, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Malamin makaranta ne aka danƙa wa harkar waya da gidan waya, aka sake danƙa masa harkar asibitoci, kowanne kuwa sai da ya zauna ya koyi yadda yake tafiya. Duk da wannan hidima bai saki littattafan addini ba. Ya ci gaba da nazari har ya zama yana yin tafsirin Alƙur'ani a watan azumi, jama'a na taruwa, ana kuma sauraro a rediyo. Ya rubuta wa yara da manya littafin labarai mai suna Hikayoyin Kaifafa Zukata.

A 1978 ya kafa PRP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Jam'iyyar ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ke nan mu ma nan mun zauna ƙarƙashin mulkinta. Gwamnatocin biyu suka soke haraji da jangali. A 1980 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya, irinta ta farko a jihohin Nijeriya, wadda ta samu lambar yabo daga hukumar UNESCO a 1983. Gaskiya ne a lokacin an samu ɓaraka tsakanin Malam da gwamnonin biyu, jam'iyya ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, amma ko masu adawa da shi ba su musa cewa tunanin koyar da babba daga makarantarsa ya fito ba. Domin zaɓen 1983 ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa, abin da ya zo shekaru kaɗan bayan matan Arewa sun samu damar jefa ƙuri'a.

Bai ga wannan zaɓe ba. Allah ya karɓi ransa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan nan da ake kira Gidan Mambayya yau cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Malami ya tafi, gidansa ya zama makaranta. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.

TO, MU FA A NAN?

'Yan uwa, ba don mu sha labari kawai muka kawo wannan tarihi ba. Mu dubi kanmu. Masarautar Jama'a ta kafu tun wajen 1810, jirgin ƙasa ya iso wannan wuri wajen 1927, hedikwatar masarauta kuma ta dawo Kafanchan a 1933. Kakanninmu da yawa hanyar dogo ce ta kawo su, wasu fatauci, wasu almajirci. A lokacin sana'a ɗaya ta ishi mutum ya riƙe gida har tsufa. Maƙwabtanmu Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon da Fantsuwam kuwa suka rungumi makarantun mishan tun da wuri, suka samar da malamai da ma'aikatan jinya da sojoji da manyan ma'aikata. Wannan abin a yaba musu ne, kuma abin koyi. Mu a namu ɓangaren mun yi ƙarfi a kasuwa da karatun allo, amma a boko mun yi sanyin jiki, musamman wajen 'ya'ya mata.

Yanzu fa zamani ya juya. Reluwe da ta raya garin nan ta ja baya. Rikice-rikicen da suka auku, tun daga na watan Maris 1987 wanda ya faro daga kwalejin horon malamai, zuwa na bayan zaɓen 2011 da kasuwar Kafanchan ta ƙone, sun cinye dukiyar mutane ta kowane ɓangare. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a gonakin kudancin Kaduna, manomi ya yi asara, ɗan kasuwar da ke saye yana kai wa Kano da Legas ya yi asara, mai dako da direba duk suka ji a jikinsu. Wanda duk abin da ya mallaka yana cikin rumfa ko buhu, dare ɗaya ya isa ya koma fara wa daga tushe. Wanda yake da wani abu a kansa, ko lissafi, ko aikin hannu na biyu, ko takardar shaida, shi ne ya fi saurin miƙewa.

Kuma kada mu ce nesa ce ta hana mu. Kwalejin Ilmi ta jiha tana Gidan Waya. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a nan Kafanchan. Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma tana nan cikin gari. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyar da malami yana bakin aikinsa, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wadda magidanci zai yi digiri ba tare da ya rufe shagonsa ba. Kowannenmu ya tambayi kansa: daga unguwarmu yara nawa ne ke cikin waɗannan makarantu? Mata nawa? Idan matarka ko 'yarka ta je haihuwa kana son ta tarar da mace 'yar uwarta da za ta karɓe ta, to 'yar wa kake so a tura ta koyo?

GYARAN DA TSARIN KE BUKATA

Ba ma cewa laifin duk namu ne. Tsarin ilmin ƙasar nan shi ma yana bukatar gyara. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982 da niyyar yaro ya fito da sana'a a hannu, aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a 1999, dokarsa ta fito a 2004. A 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a 2025 aka janye. Tsari na zuwa, tsari na wucewa, yaro kuwa yana nan zaune a ƙasa cikin ajin da ya cika maƙil.

A jiharmu, a 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake bukata ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, aka kuma ɗauki sababbi. Kowa na da ra'ayinsa a kan yadda aka yi abin. Amma ko ta wane gefe mutum ya tsaya, ya nuna cewa maganar da Malam Aminu ya taso da ita a 1948 tana nan da ranta. Malami na bukatar horo tun kafin a ba shi aji, da ƙarin horo yana cikin aiki, da albashi a kan kari. Jarrabawa ita kaɗai ba ta koyar da kowa.

Haka batun almajirai. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara buɗe makarantun tsangaya na zamani, ta farko a Gagi ta Sakkwato, amma da yawa daga cikinsu ba su samu kulawar da ta kamata ba. A 2023 aka kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna fata ta yi aiki da alarammomi, kada ta yi aiki a bayan idonsu. Hanyar da Malam ya nuna ita ce a haɗa allo da boko a wuri ɗaya, yaro yana kusa da iyayensa, cikinsa da abinci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga shawarwarinmu ga 'yan uwa, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, kowace unguwa ta nemi aron aji ɗaya a Islamiyyarta domin karatun manya bayan sallar isha'i, maza dabam, mata kuma da rana a lokacin da ya dace da su. Muna da malamai da ma'aikata da suka yi ritaya, ilminsu na zaune a gida.

Na biyu, tun 2015 jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an kayar da shi tun daga gida. Masu hali su haɗa kuɗi a sayi ko da guda biyar ne a ajiye wuri ɗaya yara su riƙa koyo.

Na uku, duk yarinyar da za a aurar tana tsakiyar karatu, a yi maganar ci gaba da karatunta tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, kowa ya ji.

Na huɗu, iyaye maza mu riƙa halartar taron iyaye da malamai. A can ake yanke shawara a kan 'ya'yanmu, a can kuma za mu zauna benci ɗaya da maƙwabtanmu mu nemi gyaran rufin aji ɗaya. Zumuncin da aka ƙulla a kan yara ya fi wanda ake ƙullawa a taron sulhu bayan an yi ɓarna.

Na biyar, mai shago da mai gareji da tela su bar yaransu su je makaranta da safe, su dawo aiki da yamma. Yaron da ya iya rubutu da lissafi, maigidansa ne zai fara cin moriyarsa.

Malam Aminu ya shiga boko yana da shekara goma, ya koma aji yana da 26, ya koyi sabon aiki yana dab da 50, kuma yana nazari yana koyarwa har ya wuce 60. Saboda haka wanda ke cewa shi ya tsufa da karatu, sai ya nemi wani uzurin. Muna roƙon Allah ya gafarta wa Malam da sauran magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma sa 'ya'yanmu su fi mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.